Babban Kuɗi, Ƙaramin Kuɗi ko Tafiya Ƙaro Ilimi: Zaɓin Mai Binciken Sankarar Ƙwan Mace a Garwa da Njamena

Duk likitan mata da ya yi aiki a Garwa, Marwa, Ngaundare ko Njamena ya san irin wannan majinyaciyar. Ta haura shekara 50, ciki ya kumbura da ruwa, jiki ya rame, loma biyu ta ce ta ƙoshi. An sha jiƙo, an sha maganin gyambon ciki, wani ya ce hanta ce, wani ya ce sammu. Kafin a yi mata eko, wato hoton ciki, a ga ƙari a mara, cutar ta riga ta bazu. Sankarar ƙwan mace ke nan, kuma ba ita ce sankarar bakin mahaifa ba, wadda ke da rigakafi da gwajin da ke kama ta da wuri. Ƙididdigar 2022 ta IARC, hukumar binciken sankara ta duniya, ta nuna mata kusan 324,000 ne suka kamu da ita a duniya a shekarar, kusan 207,000 kuma suka rasu. Inda aka kama ta tun tana mataki na farko, sama da kashi 90 cikin 100 na matan suna kaiwa shekara 5 a raye. Idan ta yi nisa, adadin kan faɗo zuwa wajen kashi 30. Babban gwajin da aka yi a Birtaniya a kan mata sama da 200,000, wanda sakamakonsa na ƙarshe ya fito a 2021, ya nuna cewa tantance mata masu lafiya da awon jini na CA-125 ko da eko bai rage mace-macen ba.

Saboda haka idan matashin likita, ko masanin ɗakin awo, ko malamar jami'a ta ce wannan cutar za ta sa a gaba, ina ganin ta zaɓi aikin da ya cancanci a ba shi rayuwa. Tambayar da ke biyo baya ita ce ta kuɗi da ta jagora. Hanyoyi uku ne a fili: manyan tallafin da aka keɓe wa wannan cuta ita kaɗai, ƙananan tallafin da aka yi domin masu bincike na Afirka su yi aiki a gida, sai kuma guraben tafiya ƙaro ilimi. Yawancin masu farawa girman kuɗin suke kallo. Ni abu uku nake aunawa: wace tambaya kuɗin zai ba ka damar amsawa a asibitin da kake, ko zai sama maka lokacin yin aikin, da kuma hannun wa kuɗin zai shiga.

Manyan kuɗin

Ƙungiyar OCRA da ke Niyok ita ce babbar ƙungiya mai zaman kanta a wannan fage. An kafa ta a 2016 bayan haɗewar ƙungiyoyi biyu, kuma a 2025 cibiyar Rivkin ta Siyatil ta shigo cikinta. Tallafinta hawa-hawa ne. Akwai na wanda ke aiki ƙarƙashin wani babban malami, akwai na wanda ya fara tsayawa da ƙafarsa, wanda aka daɗe ana bayarwa a kan dala 450,000 cikin shekara 3, wato sama da sefa miliyan 250, sannan akwai na gungun manyan masana, dala 900,000 cikin shekara 3. Ma'aikatar tsaron Amurka ma tana da shirin binciken wannan cuta tun 1997, kuma a 2009 ta buɗe wata makarantar raino ta intanet inda ake haɗa matashin mai bincike da gogaggen malami na shekaru, ana bin aikinsa, ana haɗa shi da takwarorinsa. Wannan tsari na raino ya fi kuɗin burge ni.

Sai dai a duba irin tambayoyin da waɗannan kuɗi suka saba bi. Me ya sa ƙari ke daina jin maganin carboplatin bayan ya ji da farko? Wa zai amfana da maganin olaparib, wanda aka amince da shi a 2014 domin masu gurɓatar ƙwayar gado ta BRCA? Ta yaya cutar ke farowa daga bakin bututun ƙwai kafin ta kai ga ƙwan? Tambayoyi ne masu kyau, amma amsa su na bukatar firinjin da ke riƙe sanyi digiri 80 ƙasa da sifili ba tare da wuta ta ɗauke ba, da na'urar karanta ƙwayoyin gado, da tarin maƙalun da mai nema ya riga ya wallafa. Da masu nema daga Boston da Landan za ka yi takara, da Ingilishi, kuma alƙalan ba za su rage maka maki ɗaya na sharaɗi ba don kana Garwa. Kuɗin gwamnatin Amurka kuma yana da nasa ƙarin nauyi: sai jami'arka ko asibitinka ya yi rajista a shafukan gwamnatin na intanet, SAM.gov da Grants.gov, aikin da kan ci makonni, kuma ba kai za ka yi shi ba, hukumar makarantar ce. A 2025 an zabge kasafin binciken lafiya na ma'aikatar tsaron sosai, NIH kuma, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta sauya dokokinta kan kuɗin da jami'o'in Amurka ke miƙa wa abokan aiki na waje.

Ra'ayina a nan bai da kwana-kwana: wanda bai wallafa komai a kan cutar ba tukuna, kada ya ƙone wata uku yana rubuta wannan dosiye. Hanyar shigarmu cikin manyan kuɗin a yanzu ita ce ta haɗin gwiwa, kuma muna da abin da za mu kawo. Babban aikin da ya zana taswirar ƙwayoyin gadon wannan sankara a 2011 ya dogara ne galibi a kan samfurin Turawa. Binciken da aka wallafa a 2020 kan mata masu sankarar mama a Yuganda da Kamaru, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago ke cikin jagororinsa, ya nuna gurɓatar BRCA1 da BRCA2 ba baƙon abu ba ne a cikin matanmu. Masana na waje sun san akwai giɓi. Amma idan suka zo, a rubuta komai kafin tsoka ɗaya ta bar asibiti: wa ke da mallakar samfurin, sunan wa zai fito a maƙala kuma a wane gurbi, wa za a horar daga cikinmu, kuma ko sakamakon zai dawo ga majinyaciya da 'ya'yanta mata. Wanda aikinsa bai wuce tara tsoka yana aikawa ba, shekara goma za ta same shi a inda ya fara.

Ƙananan kuɗin da ake kashewa a gida

Nan ne na fi so mu daɗe. Shirin BIG Cat, wanda ƙungiyar AORTIC ta masu binciken sankara a Afirka ta faro tare da cibiyar sankara ta Amurka, daga baya ƙungiyar AACR ta masu binciken sankara a Amurka ta shigo, yana ba matashin mai bincike da ke zaune a Afirka wajen dala 50,000 cikin shekara 2, kusan sefa miliyan 30 gwargwadon canjin ranar. Gidauniyar Conquer Cancer ta ASCO, ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka, tana da tallafin shekara guda na har dala 20,000 domin sabuwar dabara a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, da wani na dala 50,000 domin matasa masu aikin sankara a irin ƙasashenmu. Ga mata akwai ƙarin ƙofofi biyu. Kyautar L'Oréal da UNESCO ta Afirka kudu da Sahara tana ba mai karatun dokta yuro 10,000, mai aikin bayan dokta kuma yuro 15,000. Tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, lissafin a bayyane yake, wajen miliyan 6.6 da miliyan 9.8. Ƙungiyar OWSD ta mata masana kimiyya kuma tana da tallafin har dala 50,000 ga wadda ta gama dokta tana son kafa aikinta a gida.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a yi shi don sankarar ƙwan mace kaɗai ba. Za ka yi takara da masu aikin sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta hanta, waɗanda majinyatansu suka fi naka yawa. Amma abokan takarar 'yan Afirka ne masu irin matsalarka, alƙalan kuma sun san mene ne asibitin da babu likitan anapat, wato mai duba tsokar da aka yanko ya faɗi irin cutar.

To me miliyan 30 za ta yi? Ga tambayar da ta daɗe tana cin raina. Tarin fuka na cikin ciki yana kawo ruwa a ciki, da rama, da ƙulli-ƙulli a jikin tantanin hanji, kuma shi ma yana ɗaga CA-125. A eko, wani lokaci har a sikana, ba ka raba shi da sankarar ƙwan mace. A yankinmu kuma ciwon hanta nau'in B da tsargiya suna cika mata ciki da ruwa. Cikin matan da ke zuwa da kumburin ciki da ƙari a mara, nawa ne masu sankara, nawa ne masu tarin fuka da maganin wata 6 zai warkar? Nawa aka ɗora a kan maganin tarin fuka alhali sankara ce ke cin su? Ba wanda zai amsa wannan daga Pari. Amsarta tana bukatar asibiti biyu ko uku, da takardar tambayoyi guda, da kuɗin yanko tsoka da aika ta, da awon GeneXpert na gano tarin fuka da shirin yaƙi da tarin fuka ya riga ya tanada, da mutum ɗaya mai bin kowace mace a waya. Wannan aikin ƙaramin tallafi ne, kuma sakamakonsa zai sauya yadda ake duba mata tun daga watan da ya fito.

Akwai wasu tambayoyin irinta. Wata nawa ke tsakanin ranar da mace ta fara jin alamu da ranar da aka sa mata wuƙa, kuma a ina lokacin ke salwanta: a gida, a wurin mai magani, a ƙaramin asibiti, ko a jiran sakamakon anapat da aka aika kudu? Mace nawa ke kammala zagaye 6 na shimiyo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya, kuma wadda ta tsaya a na uku, kuɗi ne ya ƙare, ko nisan hanya, ko maigida ne bai bari ba? Wanda ya san wahalar mota daga Marwa zuwa Ngaundare, sannan kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya san wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Sai 'yan mata. Akwai nau'in ƙarin ƙwai da ke kama yarinya 'yar shekara 15 ko 20, wanda ke jin magani ƙwarai, haɗin bleomycin da etoposide da cisplatin, kuma sau da yawa ana iya cire ƙwai ɗaya a bar mata mahaifa da ɗayan. Idan ba a gane nau'in ba, sai a kwashe komai. Ƙidaya yaran nan da abin da aka yi musu, aiki ne da zai ceci haihuwar wasu. Kuma an san yawan haihuwa da shayarwa suna rage haɗarin wannan cuta; a ƙasar da mace ke haihuwa shida ko bakwai, su wane ne ke kamuwa, a wace shekara, da wane nau'i? Rajistar asibiti mai tsabta ce kawai za ta faɗa, kuma manhajar rajistar sankara ta IARC, CanReg5, kyauta ce.

Raunin ƙananan tallafin biyu ne, kuma kada a raina su. Na farko, ƙaramin tallafi ba ya sayen lokaci. Likitan da ke kwana a ɗakin haihuwa, ya wayi gari a ɗakin tiyata, ya yini a duba marasa lafiya, kuɗin ba zai ƙara masa awa ɗaya ba. Maganin wannan shi ne a sa albashin mai tattara bayanai a cikin kasafin tun farko, ungozoma ko ɗalibin da ke rubuta kundin kammala likitanci, kuma a samu takardar shugaban sashe da ke ware yini ɗaya ko biyu a mako. Na biyu, kuɗin ba aljihunka yake shiga ba, asusun ma'aikatarka ne. Kafin ka rubuta layi ɗaya, je ka zauna da akanta ka ji yadda ake buɗe asusun aiki, sa hannun mutum nawa ake bukata kafin a fitar da kuɗin sinadari, da kason da hukuma za ta cire. Aikin shekara 2 da ya yi wata 6 yana jiran sa hannu ya riga ya gurgunce.

Tafiya

Guraben tafiya ba su ba ka kuɗin bincike, hannu suke gyara maka. Ƙungiyar UICC ta yaƙi da sankara a duniya, da ke Janiba, tana da gajeren zama na wajen wata guda a wata cibiya, har da wanda ta keɓe wa ƙasashen Afirka masu Faransanci, ana nemansa da Faransanci. Ga ɗan Chadi ko ɗan arewacin Kamaru da Ingilishinsa bai nuna ba, ban san ƙofar da ta kai wannan sauƙi ba, kuma wata guda ya isa a koyi abu ɗaya a koye shi da kyau: karanta gilashin anapat na ƙarin ƙwai, ko tafiyar da rajistar sankara. Asusun AREF na tallafa wa masu binciken lafiya a Afirka, wanda Farfesa Tumani Corrah ya kafa a 2015, yana tura wanda ya gama dokta zaman wata 3 zuwa 9 a wata cibiya a Afirka ko Turai, yana kuma koyar da rubutun neman tallafi. IARC a Liyon tana da zaman shekara 2 na bayan dokta. Kyautar IDEA ta Conquer Cancer tana kai matashin likita babban taron ASCO ta haɗa shi da jagora.

Ga mai riƙe wuƙa akwai shirin shekara 2 na IGCS, ƙungiyar likitocin sankarar mata ta duniya, wanda aka faro a 2017, inda ake horar da likitan mata ya ƙware a tiyatar sankara a asibitin yankinsa, malamai na zuwa, ana kuma tattauna majinyata ta intanet duk wata. Ya yi aiki a Kenya da Habasha da Yuganda da Mozambik. Wannan ba tallafin bincike ba ne, amma na sa shi a ma'auni da gangan. A wannan cuta, yawan ƙarin da aka bari a ciki bayan tiyata yana daga cikin manyan abubuwan da ke yanke tsawon ran majinyaciya. Idan zuciyarka a ɗakin tiyata take, wataƙila wannan ce hanyarka, binciken ya biyo baya daga majinyatanka.

Tsakanin gajeriyar tafiya da doguwa, na fi karkata ga gajeriya. Wanda ya yi wata ɗaya ko shida yakan dawo ya tarar da gurbinsa da majinyatansa. Wanda ya yi shekara 2 a ɗakin awon da ke da komai yakan dawo da ƙwarewar da babu na'urar yin ta a gida, kuma ba na zargin wanda ya ga haka ya zauna can. Ke kuma 'yar'uwa mai aure da yara, kin fi kowa sanin cewa wata guda abu ne da za a iya shawo kan maigida da iyaye a kansa, shekara 2 kuwa magana ce ta daban. Doguwar tafiya tana da amfani idan an tafi da tambaya daga gida, da bayanan gida a hannu, da takardar da ke riƙe maka kujerarka.

Akwai tallafi biyu da ke tsakanin ƙanana da manya, kuma su ne ya kamata mai dogon buri ya sa wa ido. Tallafin K43 na cibiyar Fogarty ta hukumar NIH an yi shi ne domin ƙaramin malamin jami'a a ƙasa irin tamu: har shekara 5, da albashi, da jagora biyu, ɗaya a gida ɗaya a Amurka, da sharaɗin kashi 75 cikin 100 na lokacinka ya tafi ga bincike. Na gidauniyar Wellcome ta Birtaniya na masu farawa shi ma har shekara 5 ne, da albashi da kuɗin aiki har fam 400,000. Su ne ke sayen lokacin da ƙananan ba su saya. Amma duka biyun suna son ganin abin da ka riga ka yi, kuma tun bayan sauye-sauyen 2025 duk wani shirin gwamnatin Amurka sai an duba ko an buɗe shi a shekarar kafin a ɗora buri a kansa.

To wa zai ɗauki wanne? Wanda bai da komai a rubuce, kada ya nemi kuɗi tukuna. Ya buɗe rajistar ɗakin tiyata ta shekara 5 da suka wuce, ya fitar da duk ƙarin ƙwai, ya rubuta abin da ya samu, ya aika wa Pan African Medical Journal, wadda ke karɓar Faransanci da Ingilishi, ko Health Sciences and Disease ta Yawunde. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Maƙala ɗaya daga asibitinka ta fi shafi goma na alkawari nauyi a gaban alƙalai. A daidai lokacin ya nemi wata guda na UICC, domin a can ake samun jagora. Wanda ke da maƙala biyu ko uku da jagora mai amsa saƙo, BIG Cat ko Conquer Cancer ne nasa. Mace mai karatun dokta ta nemi L'Oréal da UNESCO a kowane hali, tunda bai hana ta neman sauran daga baya. Wanda ya kammala ƙaramin tallafi lafiya, ya ba da rahoton kuɗi ba gyara, ya wallafa, shi ne ya isa ya tunkari Wellcome ko K43, kuma a lokacin ne masu manyan kuɗin za su zauna da shi a matsayin abokin aiki.

Wurin zama ma yana sauya lissafin. Na Garwa yana da sashen koyar da likitanci a jami'ar da aka kafa a 2022, da babban asibiti, da reshen Centre Pasteur, ga malamai a Yawunde da Duwala da za su iya tsaya masa a matsayin jagoran gida. Na Njamena yana da asibitin koyarwa na uwa da yaro, inda matan ƙasar ke taruwa daga nesa, wanda ke nufin majinyata da yawa a wuri guda. Cutar ba ta da yawan da asibiti ɗaya zai tara adadi mai gamsarwa cikin shekara 2, don haka dosiyen da ya haɗa Njamena da Kusiri da Marwa da Garwa ya fi na kowannensu shi kaɗai ƙarfi. Majinyatan dama suna tsallaka gadar Ngeli ta kowane ɓangare. Illa dai aikin ƙasa biyu izini biyu yake so, na kwamitin ɗa'ar bincike na Kamaru da na Chadi, kuma kowanne yana cin lokaci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin waɗannan kiraye-kirayen sau ɗaya suke buɗewa a shekara, na 'yan makonni, sharuɗɗansu da adadin kuɗinsu kuma suna motsawa, don haka a karanta sanarwar shekarar daga farko har ƙarshe. Abin da ya kamata ya kasance a ajiye tun kafin sanarwa ta fito: lambar ORCID ta shaidar mai bincike, wadda kyauta ce, tarihin aiki da Faransanci da Ingilishi, taƙaitaccen bayanin binciken a shafi ɗaya, wasiƙar shugaban asibiti, yardar jagora a rubuce, da farashin gaske na awon anapat da na CA-125 da na sufurin samfur, daga bakin waɗanda za su yi aikin. Takardar neman yardar majinyaciya kuma a fassara ta da Hausa da Fulatanci da Larabcin Chadi, a karanta wa mata biyu ko uku da ba su yi boko ba a ji ko sun gane, sannan a kai ta gaban kwamitin ɗa'a.